Araha Ba Ta Ado? Ku Je Ku Gaya wa Dorinar Luangwa

Na san halinku sarai. Da an ce wane ya tafi ganin namun daji sai ku gyara zama ku taɓe baki. Wannan ya ce aikin Bature ne, wancan ya ce ƙoshi ne ya yi masa yawa, Bakanon cikinku kuwa tun ba a kai ƙarshen zance ba ya jefo tambayarsa ta gado: "Nawa aka kashe?" To yau da ku nake, kuma ba wanda zan ƙyale. Wanda na taka ya yi haƙuri, ni Bazazzagi ne, tsokana a jinina take.

Ga maganata, kuma ina nan a kan bakana. Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin jirgi zuwa Dubai sarin kaya, ko ya kai iyali Alƙahira ganin likita ya haɗa da yawon kasuwa, zai iya kwana a bakin kogi a ɗaya daga cikin dazuzzukan da suka fi dabbobi a Afirka, giwa ta gifta ta ƙofar ɗakinsa, ba tare da ya jinginar da gonar gado ba. Wurin da nake nufi gandun dajin Luangwa ta Kudu ne, a gabashin ƙasar Zambiya. Faɗinsa murabba'in kilomita 9,050, wato sai an jera Yankari huɗu kafin a cike shi. An keɓe shi tun 1938, aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1972. Kogin Luangwa, wanda ke gangarawa kudu ya faɗa Zambezi, shi ne iyakarsa ta gabas a mafi yawan tsawonsa, kuma a wannan iyakar asirin arahar yake.

Bari in fara sallamar Bakano, don in ban sallame shi ba, ba zai bar kowa ya ji zance ba. Alhaji, can ƙuryar daji akwai masaukan manya. 'Yan bukkoki ne na kara da ciyawa da ake sake ginawa kowace shekara bayan ruwa ya ɗauke, baƙi shida ko takwas suke ɗauka, kuma komai, daga ƙanƙara har gishiri, sai an yi dakonsa ta hanyar da mota ke kuka. A irin waɗannan, kwana ɗaya na mutum ɗaya kan haura dala 500, wasu su wuce 1,000. Na ga ka dafe ƙirji. Sauke hannunka, ba can za ni da kai ba. Namu suna kusa da ƙauyen Mfuwe, jere a gaɓar kogin ta wajen gandu, 'yan mintoci a mota daga gadar da ake shiga dajin ta kanta, irin su Croc Valley da Marula Lodge da Wildlife Camp. Kwalta ta zo kusa da su daga Chipata, kayan miya a kusa ake samu, baƙi da yawa suke ɗauka, shi ya sa kuɗin ya sauko. Mai tantinsa ya kafa a gindin bishiya ya biya abin da bai taka kara ya karya ba. Mai son gado ya kama tantin da aka riga aka kafa, ko ɗaki mai rufin ciyawa da banɗaki a ciki, da fanka da gidan sauro. Lissafin gomomin daloli ake yi a nan, ba ɗaruruwa ba. Kuɗin shiga gandu daban ne, kullum ake biya, na motar zagaya daji ma daban, kuma kai ke zaɓen sau nawa za ka fita. Ranar da aljihu ya ce a huta, ka ja kujera bakin gaɓa ka yi kallo kyauta. Na faɗi kyauta, ga shi har ka yi murmushi.

Inda ka ci ni wuri ɗaya ne: tikitin jirgi. Daga Najeriya yawanci sai an bi ta Adis Ababa ko Nairobi kafin a sauka Lusaka, kuma kuɗin nan ya fi na kwana da na abinci ciwo. Daga Lusaka akwai ƙaramin jirgi zuwa Mfuwe, awa ɗaya da 'yan mintoci, amma na san ba za ka hau ba. Bas za ka bi ta babbar hanyar gabas, kilomita sama da 550 zuwa Chipata, yini guda cur, sannan wasu 130 haka zuwa Mfuwe. Mutumin da ya saba Kano zuwa Legas a motar dare, wannan ba ta isa ta ba shi tsoro ba.

Malam mai karin magana tun ɗazu yake jiran in ja numfashi ya ce araha ba ta ado. Na ji, Malam. A kasuwar atamfa haka ne. Amma ka taɓa ganin giwar da ta tsaya karanta allon iyaka? Babu shinge tsakanin gandun da masaukan nan, kogi ne kawai, kuma da rani kogin janyewa yake yi har yashi ya fito fili. Giwaye kan tsallako da yamma a jere, uwa a gaba, 'ya'ya a tsakiya, su bi ta tsakanin ɗakuna suna tsintar 'ya'yan itace, su wuce wajen ƙauye, da asuba su koma. Wanda ya biya dala 1,000 da wanda ya kwana a tantin aro giwa ɗaya suke kallo. Ita ba ta san wanda ya biya ba, da ta sani ma ba ruwanta.

Dorina kuwa ita ce mai unguwar. Luangwa yana cikin kogunan da suka fi yawan dorina a duniya, kuma idan ruwa ya ja baya a Satumba da Oktoba sai su cunkushe a gurbi ɗaya, ɗaruruwa, baya na gugar baya, ana hamma ana faɗa. Yini suke yi a ruwa saboda fatarsu ba ta jure rana. Da duhu ya shiga sai su hau tudu kiwo, kowace ta ci ciyawa wajen kilo 40 kafin gari ya waye, kuma ciyawar da aka fi ba ruwa a duk yankin ita ce ta filin masaukinka. Saboda haka, Malam, wajen ƙarfe biyun dare za ka ji ana fizgar ciyawa daf da kanka, zanen tanti ne kawai tsakaninku, kuma mai fizgar ta fi tan ɗaya nauyi. Can cikin kogi 'yan'uwanta na kiran juna da wata irin murya, kamar ƙaton attajiri ya faɗa rijiya yana dariya. Wannan ta fara, ta gaba ta amsa, ta gabanta ta karɓa, har abin ya bi kogin ya yi nisa. A nan za ka tuna addu'o'in da rabonka da su tun makarantar allo, ka karanta su a jere ba tuntuɓe. Da safe ka fito ka tarar da sawunta a ƙofar tanti, ka auna da ƙafarka, sannan ka zo mu sake maganar ado.

Hajiya, na ga kin ja mayafi kina cewa wa zai kai kansa. Ranki ya daɗe, tsoronki yana kan hanya, kuma ya fi jarumtar maigidan amfani. Dorinar da kike gani da gajerun ƙafafu tana gudun da ya kai kilomita 30 a awa, haurenta kan kai rabin mita, kuma ba ta yafe wa wanda ya shiga tsakaninta da ruwa. Shi ya sa bayan magariba ba a tashi daga ɗaki zuwa wurin cin abinci sai da mai gadi. Shi ke gaba da tocila yana haska gindin kowace bishiya, in ya ce a tsaya a tsaya, in ya ce a koma a koma, ko da tuwo na hucewa. Ba a ajiye lemo ko mangwaro a tanti, don giwa na jin ƙanshinsu daga nesa, kuma ita ba ta san ƙofa ba, inda ta ga dama take buɗewa. Yara ba sa yawo su kaɗai, kuma ba a matsawa kusa don hoto ya yi kyau. Masu gadin nan 'yan ƙauyukan ƙabilar Kunda ne, da giwa suka tashi, sun san mai wucewa da mai neman magana tun daga yadda ta riƙe kunne. Wanda ya ce shi jikan maharba ne ba a yi masa jagora, to, wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Tun da kin riga kin tsorata, bari in ƙarasa ki gaba ɗaya. A 1991 an yi wani zaki marar geza a Mfuwe da ya kashe aƙalla mutum shida. Bayan ya kashe ta ƙarshen, wata mata ce, ya shiga ɗakinta ya ɗauko jakar wankinta ya yi ta yawo da ita, har mutane suka ce wannan ba zaki ba ne, maye ne. Wani Ba'amurke ya harbe shi a shekarar, kuma yau yana tsaye cikin gilashi a gidan tarihi na Field a birnin Chicago. Kin ga ya riga mu zuwa Amurka, ba biza ba layi. Fiye da shekara 30 ke nan kuma har yau labarinsa ake bayarwa, abin da ke nuna miki ba kullum ake yi ba. Wanda ya fi zaki ɓarna a kwarin nan sauro ne. Ki ga likita kafin tafiya ya rubuta miki maganin rigakafin zazzaɓi, ki kwana cikin gidan sauro, ki sa dogon hannu da yamma.

Liman, na ji gyaran muryarka. Ba wanda zai hana ka salla, shimfiɗa dardumarka a baranda. Sai dai in ka fuskanci gabas yadda ka saba a gida, Madagaska ka nufa, domin daga Zambiya alƙibla arewa take, da ɗan karkata gabas kaɗan. Kuma don Allah kada zuciya ta raya maka ka sauka bakin kogi alwala wai ruwa mai gudana ya fi. Kadojin Luangwa ba su san Liman ba, kuma abin da ka ɗauka gungume ne a kan yashi yana da ido. Akwai famfo, ka dai taho da butarka.

Abinci ba baƙo ba ne. Abin da suke kira nshima tuwon masara ne ba ƙari ba ragi, da hannu ake ci, da ganye ko wake ko kifi. Da dama daga masaukan araha suna da madafar baƙi, ka yi cefanenka ka dafa abinka. Mai shakkar yanka ya tsaya a kifi da ƙwai, ko ya yi guzuri daga Chipata, gari ne mai masallatai da daɗaɗɗiyar al'ummar Musulmi 'yan asalin Indiya, tambaya ɗaya za ta kai shi inda suke sayen nama. Yaji da daddawa a ƙullo daga gida, a kuma rufe da kyau, don biran wurin sun ƙware: ka juya ɗauko cokali, ka waiwayo ba burodi. Mashaya kam akwai, kamar yadda take a otal ɗin da kake sauka a Abuja ba ka taɓa ƙorafi ba. Nemi shayinka ka wuce.

Yanzu ga abin da kuɗin motar ke saya. Da duhun asuba ake tashin mutane, wanda ga mai salla ba komai ba ne, Turawan ne ke fitowa suna layi. Shayi, burodi, ƙarfe shida an tsallaka gada. Motar buɗaɗɗiya ce, ba gilashi, kujeru hawa-hawa, kuma a Yuni da Yuli sanyi ake yi na gaske, don lokacin ne hunturunsu. Awa huɗu ana zagaya tafkunan da kogin ya bari a baya lokacin da ya canja hanya. Luangwa kogi ne da ba a datse ba, kowace damina sai ya ci wannan gaɓa ya zuba yashi a waccan, kuma a 2019 gwamnatin Zambiya ta janye shirin gina masa madatsa a Ndevu. A bakin tafkunan nan ake cin karo da garken ɓauna, da jakin dawa mai siraran zane, da wata 'yar'uwar mariya da suke kira puku, da raƙumin dawa irin na Thornicroft, wanda duk duniya babu shi sai a kwarin nan, kuma duka-duka 'yan ɗaruruwa ne.

Fitar yamma ita ce ta musamman. Ƙarfe huɗu ake tashi, a tsaya a bakin kogi rana ta faɗi, Liman ya yi magariba a gefen mota mai jagora na tsaye a kansa, sannan yaron mota ya kunna babbar fitila ya dinga sharar daji da ita har ƙarfe takwas. Gandaye da yawa a Afirka ba su yarda da yawon dare ba, nan an yarda, kuma shi ya sa sunan Luangwa ya fita wajen damisa. Mu da muka san ta a kirari kawai, ganin ta kwance a reshe, wutsiya na lilo, barewar da ta kama rataye a gefenta, kura na zagaye a ƙasa tana jiran abin da zai faɗo, wani abu ne daban. Ban yi muku alkawari ba. Daji ba gidan zu ba ne, wata fitar da beguwa da tunku kawai za a dawo. Amma wanda ya yi 'yan kwanaki yana fitar dare da wuya ya koma gida bai gan ta ba.

Masu cewa su maza ne, ga inda ake ganewa. Wannan kwarin ne ya yi suna da kai baƙi yawon daji a ƙasa. Wani Bature mai suna Norman Carr, wanda ya taɓa aikin harbin giwaye masu ɓarna, shi ya shawo kan Sarki Nsefu a 1950 ya keɓe wani yanki na ƙasarsa, baƙi su zo kallo, kuɗin ya amfani jama'arsa. Daga baya ya ce a sauka daga mota a taka. Har yau haka ake yi: jami'in gandu a gaba da bindiga, mai jagora na biye, ku kuma a layi ɗaya, ba surutu, ba farar shadda. A nan karatu ake yi. Wannan sawun kura ne, ga shaidar farce. Wancan na damisa ne, ba farce. Wannan kashin ya yi fari ne saboda ƙasusuwan da kura ke tauna. Kakanninmu maharba sun haddace karatun nan kaf, mu jikokinsu sai mun biya dala an koya mana, kuma a ganina wannan ya fi komai ban haushi a tafiyar. Mutumin da ya fi kowa cika baki a cikinku ina so in ga inda zai tsaya a layin nan. Ai na ma sani, tsakiya.

Kada ku ce tallar masauki na zo, ba a ba ni ko sisi ba. Araha tana da abin da take ci. Da yake duk masaukan nan gada ɗaya suke bi, yankin da ke kusa da ita cunkushe yake a lokacin baƙi. In aka ga zaki, kafin ka gyara zama motoci sun kewaye shi, kowa na miƙa waya. Mai dala 1,000 abin da ya saya ke nan, shi kaɗai da zakinsa, kuma ban ce asara ya yi ba. A motarka ma ba kai ke da iko ba. Za a haɗa ka da mutumin da ya taso daga Jamus takanas don tsuntsaye, a yi ta tsayuwa kan wani ɗan tsuntsu da bai kai loma ba, kai kuwa zaki kake so. Wuta kan ɗauke, wanda mu ba sai an yi mana bayani ba. Ƙudan tsando na cizo ta cikin riga, kuma ya fi bin baƙin tufafi da shuɗi. A Oktoba zafi kan wuce digiri 40, tanti ba ya shiguwa da rana. Da damina kuma, daga Disamba zuwa Maris, kogi ya cika, hanyoyi da yawa su yanke, ciyawa ta rufe dabbobi, kodayake a lokacin kuɗi ya fi sauka kuma dajin ya fi kyau.

Ga mutumin Bauchi can ya miƙe: "Mu da ke da Yankari, me za mu je nema a Zambiya?" Zauna, Yallaɓai, ba faɗa ba ne. Yankari tamu ce, giwayenta suna cikin na ƙarshe da suka rage a Najeriya, kuma masaukan Mfuwe ba su da abin da ya kama ƙafar ruwan Wikki, wanda dare da rana, rani da damina, ɗuminsa na nan wajen digiri 31. Amma ka amsa mini tsakaninka da Allah, yaushe rabonka da zuwa? Ka ga ka sunkuyar da kai. Yawancin masu kare Yankari da baki ba su taɓa karya kwana a Dindima sun nufi dajin ba. Ni ban ce a bar gida a tafi waje ba. Cewa na yi wanda ya ga yadda ƙauye guda ke ci daga dajinsa, direba da kuku da mai gadi da mai tumatir, da masu yi wa zannuwa zane suna sayar wa baƙi, har da matan da ke yin awarwaro da wayar tarkon da aka kwance daga daji, zai dawo ya kalli Yankari da wani ido.

Wani abin da zai sa ku saki jiki, mutanen gabashin Zambiya ma 'yan wasa ne. Tsakaninsu da 'yan ƙabilar Bemba na arewa akwai irin abin da ke tsakanina da Kanawa. Bemba su ce musu maciya ɓera, su kuma su ce wa Bemba maciya biri, a gaban kowa, a yi dariya a tashi. In direbanka ya ji daga Najeriya kake, shirya wa zancen ƙwallo. Wasan ƙarshe na kofin Afirka na 1994 a Tunis, da muka ci su 2 da 1, bai bar ransu ba, kuma zai tuna maka cewa su ma sun ɗauka a 2012. Bar shi ya ci gardamar. Shi ke riƙe da sitiyari, kuma shi ya san bishiyar da damisa take.

Mai cewa aikin Bature ne, kai ka fi ba ni dariya. Shiga dajin nan ka ɗaga kai. Tsamiya ce, kanya ce, kuka ce, gawo ne, ga hantsar giwa 'ya'yanta na reto. Itatuwan bayan garinku ne, ba ko ɗaya da Bature ya zo da shi. Bambancin kawai, a gindin tasu kanyar akwai giwa, a gindin taku akwai mai sayar da katin waya. Sarakunanmu da giwa ake yi musu kirari, jarumi a ce masa zaki, tatsuniyar da aka rene ka da ita ba ta rasa kura, amma ɗanka bai taɓa ganin ko ɗaya a daji ba sai a waya. Su ma mutanen Luangwa sun kusa shiga sahunmu. A farkon shekarun 1970 ana ƙiyasta giwayen kwarin da kusan 100,000, masu farautar haure suka yi musu kaca-kaca cikin shekara 20. Karkanda, da ake da su dubbai, aka ƙarar da su ƙaf, har yau babu ko ɗaya a gandun kudu, sai a 2003 aka fara dawo da wasu gandun Luangwa ta Arewa daga Afirka ta Kudu. Abin har a jikin giwayen ya nuna. Bincike ya gano matan giwa marasa haure sun tashi daga kusan 10 cikin 100 a 1969 zuwa kusan 38 cikin 100 a 1989, domin masu hauren aka kashe, marasa shi suka rage suka haihu. In ka ga uwar garke ba haure a bakin kogi, ka san dalili.

Kuma kada a ɗauka zaman lafiya ake yi tsakanin giwa da manomi. Wadda kake ɗauka hoto da yamma, da dare rumbun wani take fasawa. Da barkono manoman yankin ke korar ta, su shafa a igiya su kewaye gona, ko su harba mata. Mai gadin da ke haska maka hanya wataƙila masararsa aka cinye jiya. In za ka tafi ka ba shi na goro mai kauri. Alhaji, kada ka waiga, da kai nake.

Wanda zancen ya shige shi ya nufi tsakanin Yuli da Satumba, ruwa ya janye, zafi bai tsananta ba, kuma a ƙarshen lokacin ne wasu jajayen tsuntsaye masu cin ƙudan zuma ke zuwa dubbai su haƙa ramuka a gaɓar kogi. Ya kama ɗaki da wuri, ya nemi mai fuskantar ruwa, ya gama maganar biza da katin rigakafin cutar shawara tun a gida, ya riƙe tocila da rigar sanyi da rufaffen takalmi. Wanda kuma har yanzu yake ganin ƙarya nake, ban hana shi musu ba, amma ya je ya kwana a bakin Luangwa tukuna. In ya dawo ina nan, sai mu yi.